Hitar ruwa ta sola a gidanmu na ƙauye, bayan hunturu biyu ina amfani da ita

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyukanmu na arewacin Jigawa cikin Disamba ko Janairu ya san me ake kira sanyi. Mu muna can gefen Gumel ne ta hanyar da ta nufi Maigatari, in iskar hunturu ta taso daga wajen Nijar babu abin da yake tare ta sai 'yan darbejiyoyin bakin gari, ruwan randa kuwa in ka tsoma hannu da asuba sai ka ji kamar an datse maka yatsu. Gidanmu gidan gandu ne, ni da ƙannena biyu da iyalanmu da Inna, in aka haɗa da yara mun haura mutum 20, to ka lissafa ruwan alwala da na wankan 'yan makaranta da na jarirai da na tsohuwa, kullum tun kafin kiran assalatu mata sun fito tsakar gida suna fama da murhu, kara ya yi raɓa ya ƙi kamawa, ana hurawa ana tari ana share hawaye. Haka muka taso muka gani, ban taɓa kawo wa raina akwai wata hanya ba.

Abin da ya sa na fara tunani shi ne tsadar itace. Tunda aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 komai ya tashi, gas ya gagari mutanen birni da yawa suka dawo gawayi da itace, masu motoci suka riƙa shigowa har ƙauyuka suna kwasa, ɗaurin da a da za ka saya da canjin aljihu sai da ya zama abin da ake zama a yi shawara a kansa. Karan dawa da na gero da muke tarawa bayan girbi kuma dabbobi na jiransa, danga na jiransa, ba ya kai mu ƙarshen sanyi. Ga shi mu nan hamada a ƙofar gida take, Jigawa na cikin jihohi 11 da ake aikin dashen bishiyoyin nan na tare hamada, amma wallahi gawon da na sani a gonar mahaifinmu tun ina yaro yanzu kututturensa kawai ya rage. Hitar lantarki irin mai zoben nan da ake tsomawa a bokiti muna da ita, sai dai ina wutar? In an kawo ma sau da yawa ba ta da ƙarfin ja, kuma ni tsoronta nake saboda yara, yaro ya zo ya tsoma hannu a bokiti tana ciki shi ke nan.

A Dutse na fara ganin hitar solar a gidan wani abokin aikina, na ɗauka fanel ne na wuta, sai ya ce min a'a wannan babu ruwanta da batir ko inbata, ruwa kawai take dafawa da zafin rana. Ya buɗe famfo ya ce sa hannu, na sa na janye da sauri. Daga nan abin ya shiga raina, da kaka ta yi na sayar da riɗina sai na nufi Kano.

Bari in kwatanta ta ga wanda bai taɓa gani ba. Wani dogon tanki ne a kwance kamar ganga, a ƙarƙashinsa an jera wasu dogayen bututun gilashi masu duhu a karkace, mu a gida kwalabe muke ce musu, kowace ta kusa mita 2 a tsayi. Tawa mai kwalabe 20 ce, tankin na cin lita 200, wato dai kusan lita 10 ga kowace kwalba, haka lissafin yake tafiya a yawancinsu, mai 15 lita 150, kuma galibi daga Chaina ake shigo da su. Kowace kwalba riɓi biyu ce, gilashi a cikin gilashi, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu kamar dai yadda ake yin fulas ɗin shayi, shi ya sa zafin da ya shiga ba ya fita, za ka dafa bayan kwalbar da tsakar rana ka ji ta da sanyi alhali ruwan cikinta zai iya saɓule maka fata. Ruwan da ya yi zafi ya fi mai sanyi rashin nauyi, sai ya hau sama ya shiga tanki da kansa, mai sanyin ya gangaro cikin kwalba, haka za su yi ta zagayawa har rana ta faɗi, babu inji babu waya babu ƙara. Shi kuma tankin an cusa masa wani kauri na soso tsakanin ƙarfen ciki da na waje don ya riƙe zafi har dare.

Akwai mai tsada wadda ake ce wa mai fureshan, ita ce ta masu shawa da bene. Mai shagon ya so ya tura min ita, ƙanina da ya yi karatun lantarki a Kazaure ya ce Yaya bar ta, mu da muke wanka da bokiti da moɗa me za mu yi da ƙarfin ruwa, in dai zai zubo a bokiti ai buƙata ta biya. Kuma gaskiyarsa, wannan shawarar ta rage min kuɗi sosai, duk ɗan ƙauyen da zai saya ina ba shi ita.

To amma nan ne inda nake da ƙorafi da mai shagon, don abin da ya faɗa min kuɗin hita ne kawai, ya ce Alhaji kai dai ka kai gida a ɗora a kan kwano shi ke nan. Wane kwano? Lita 200 kilo 200 ne fa, ban da nauyin ƙarfen da ruwan da ke cikin kwalaben, rufin ɗakunanmu da katako ɗan siriri wani ma azara ce da ƙasa, in ka ɗora wannan kaya a kai wata rana a kan mutane zai sauko. Dole muka kira magini ya yi mana dandamali da bulo da siminti a bayan banɗaki, mai walda ya yi ƙafafu ya ɗaure ta da kyau saboda iskar farkon damina, wadda ta sha ɗauke mana rufin makaranta. Sannan fayif, farin nan na roba da aka saba ja da shi ba ya jure ruwan zafi, laushi yake ya lanƙwashe, sai koren nan da ake haɗawa da wuta, PPR, shi ma da kuɗinsa da na mai haɗawa. Kafin mu ga ɗigon ruwan zafi na ƙara kusan kashi ɗaya cikin uku a kan kuɗin hitar, kuma ban shirya masa ba, sai da na kai tunkiya kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Farashin kayan kansa da dala yake tafiya, don haka in za ka je ka tambaya a ranar, ka kuma zagaya shago uku huɗu kafin ka ciro kuɗi.

Babbar magana ma ita ce ruwa. Hitar nan ba ta jawo ruwa, sai an kawo mata daga sama, ma'ana tankin ruwan sanyinka dole ya fi ta tsayi. Mu Allah Ya taimake mu shekara biyu kafin nan mun haɗa kuɗi mun haƙa burtsatse da sumo mai sola da tankin roba a sama, to da shi muka jona. Wanda yake jan ruwa da guga a rijiya ko yake saye wajen 'yan garuwa, gaskiya sai ya yi tunani sau biyu, don hawa tsani da jarka 8 kullum ba abin da zai ɗore ba ne, sati biyu za a yi a gaji a bar ta ta zama wajen shanya.

Wajen kafawa a fuskantar da ita kudu, in ka tsaya kana kallon gabas to hannunka na dama. Dalili, lokacin sanyi rana ta kudu take karkata, kuma lokacin ne muka fi buƙatar ruwan. Mai haɗa mana da farko ya so ya juya ta yamma wai don ta fi kyau daga ƙofar gida, ƙanina ya hana. A duba inuwa kuma, mu sai da muka rage wa wata darbejiya reshe biyu. Na tsaya a kansu ranar da ake sa kwalaben, kowace sai an shafa wa bakinta ruwan sabulu sannan a murza ta a hankali ta shige cikin zoben roban da ke jikin tanki, in aka yi gaggawa zoben ya naɗe to nan zai yi ta ɗiga har abada. Ƙanina ya nuna min wani abu da mai shago bai faɗa ba, gindin kowace kwalba yana da sheƙi kamar madubi, in ka ga ya koma fari kamar an shafa alli to iska ta shiga, kwalbar ta mutu ko da ba ka ga tsaga ba. Ka duba wannan tun a shago kafin a rufe kwali, ɗaya bayan ɗaya, kar ka ji kunyar ɓata musu lokaci.

Yanzu aikinta. Wallahi tana yi. Ranar da sama take garau ko da ana sanyi, daga la'asar ruwan ba ya taɓuwa sai an surka, bokiti ɗaya na zafi yana yin wankan mutum biyu har uku in an haɗa da na sanyi, da haka lita 200 take isar gida irin namu in an yi tsari. Ƙanina ya yi min lissafi a takarda, ya ce ɗaga jarka mai lita 25 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin abin da ya ɗan haura yunit 1 na wuta, tanki guda kuwa wajen yunit 9 ke nan, kullum, kyauta daga sama. Murhun duwatsu uku kuma yawancin zafinsa a iska yake tafiya, ɗan kaɗan ne yake shiga tukunya, shi ya sa za ka ga an ƙona itace rungume guda don garwa biyu.

Inda take rauni shi ne ranar hazo, irin wanda rana take zama kamar farin faranti kana kallonta ido ba ya ƙyafta. In aka jera kwana biyu uku haka ruwan ɗumi kawai yake yi, na alwala da wanke jariri ya isa, amma babba mai son ruwa ya gasa shi ba zai gamsu ba. Ƙura kuma tana kwanciya a kan kwalaben, sati ɗaya ka ga sun yi fari fat, na lura duk ranar da aka goge su da tsumma mai laima da sassafe ruwan yammar ya fi zafi, yanzu na ɗora wa babban ɗana wannan aikin duk bayan kwana biyu kafin ya tafi makaranta. Abu na biyu, ruwan asuba bai kai na magariba ba, musamman in an ɗiba da daddare na sanyi ya shiga ya surka wanda ya rage. Dabarar da muka gano ita ce da yamma a rufe famfon da yake shigar da ruwan sanyi, a yi ta ɗiba daga mai zafin har wayewar gari, in an gama wankan safe kafin rana ta ɗaga sai a buɗe ta cika. Tunda muka fara haka Inna ba ta ƙara alwalar asuba da ruwan sanyi ba, ita da take fama da ciwon gwiwa, kuma wannan kaɗai ni a wurina ya biya tunkiyata.

Gwajin gaske sai da mai ɗakina ta haihu a Janairun farko. Kowa ya san al'ada, miji ne yake sauke itacen jego, amalanke guda wani lokacin har da ƙari, kwana 40 ana dafa ruwa safe da yamma a babbar tukunya da ganyen darbejiya. Na ce wa Inna bana ga ruwa nan a famfo. Ta dube ni ta ce, kai yaro, ruwan da bai ga wuta ba shi za ka ba mai jego? So kake sanyi ya kama min 'ya? Na ce Inna ki dai zo ki taɓa. Ta zo da kanta da ƙwarya, aka buɗe, tururi ya tashi ya rufe mata fuska, ta ɗan sa bakin yatsa ta cire, ta yi shiru, can ta ce to zafi kam akwai, amma ganye sai ya tafasa. A nan muka tsaya, ana tarar ruwan daga hita a juye a tukunya a sa darbejiya, 'yan itace uku huɗu ya tafaso, maimakon a fara daga ruwan randa mai ƙanƙara a yi awa guda ana turawa. Itacen da na saya na jegon nan har aka yi arba'in ko rabi ba a ci ba, da shi aka yi girkin suna aka kuma ci gaba da tuwo. Ma'aikaciyar asibitin da ta duba ta ma ta ja mana kunne cewa kar a riƙa watsa wa mai jego ruwa yana tafasa kuma a rage kanwa a kunu, don likitoci sun daɗe suna danganta waɗannan da ciwon zuciyar da yake kama mata bayan haihuwa, to da yake yanzu surkawa ake a bokiti ya fi sauƙi a daidaita zafin, Inna ma ta sassauta.

Hayaƙi ma ya ragu a tsakar gida da safe, ban ce ya ƙare ba don har gobe da itace ake mana girki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 hayaƙin girki a cikin gidaje ya kashe mutane wajen miliyan 3.2, yawanci a ƙasashe irin namu, ni dai abin da na gani da idona shi ne matan gidanmu sun daina fitowa cikin duhu suna hura wuta da goyo a baya.

Sai asarar da muka yi, wadda da an yi mana bayani da ba ta faru ba. Da bazara ta shigo, Afrilu, zafin nan da yake haura digiri 40, babu mai neman ruwan zafi, sai aka rufe famfon shiga aka manta da ita. Ashe ruwan ciki tafasa yake ta yi yana fita ta ɗan bututun numfashin da ke sama, har ya ƙafe ƙaf, kwalaben suka zauna babu komai suna shan rana. Ran nan da azahar wata daga cikin matan za ta yi wankin kayan maiƙo ta aiki yaro ya buɗe, ruwan sanyi yana sauka a kan gilashin da ya yi jajir sai muka ji tas, tas, biyu suka fashe nan take. Kuma irin wannan hitar in kwalba ɗaya ta fashe duk ruwan tankin ta nan zai tsiyaye, ba ta da amfani sai an maye gurbinta ko an toshe ramin. Na kira mai shagon ya ce ai kowa ya san ba a zuba ruwa da rana, na ce to ni wa ya gaya min, takardar da ke cikin kwalin ma ba da harshen da muke ji aka rubuta ta ba. Ya sayar min da uku, aka sa a motar haya, ɗaya ta fashe a hanya kafin ta iso Gumel duk da an naɗe ta da bargo. Kusan wata guda hitar tana zaune. Don haka ranar da za ka saya ka haɗa da kwalabe biyu ko uku na ajiya su taho cikin kwalinsu na asali, in kuma ta taɓa bushewa kar a zuba ruwa sai da asuba ko bayan isha, lokacin zafi kuma a rufe rabin kwalaben da tabarma ko tamfol, a bar ta cike, a riƙa ɗiba ana wanke-wanke da wanki. Mun kuma zagaye ta da ragar waya saboda awaki da yara masu harbin tsuntsu da danƙo.

Maganar yara, kan famfon ruwan zafin a ɗaga shi inda hannunsu ba ya kai ko a sa masa kwado. Ruwan da ya kai digiri 60 cikin 'yan daƙiƙu yake ƙona fata, na bazara kuwa ya wuce haka nesa. Mu sai da 'yar ƙanina ta ƙona bayan hannu, Allah Ya taƙaita bai yi zurfi ba, sannan muka mayar da shi sama. Sau ɗaya a shekara kuma muna zare kwalaben da sassafe mu zubar da yashi da farin dattin da yake taruwa a gindinsu, ruwan burtsatse ba ya rasa shi.

In ka tambaye ni wa ya kamata ya saya, zan ce gida mai yawa wanda yake da tankin sama, ko makarantar allo mai almajirai, ko ƙaramin asibitin da ake karɓar haihuwa, nan za ta fi biyan kuɗinta da wuri don kullum akwai mai buƙata. Ango da amarya su biyu a ɗaki ɗaya, fulas babba da murhu mai tsimin itace ya fi musu. Mu yanzu da safe in 'yan gida sun gama, almajiran tsangayar da ke bayanmu suna zuwa da 'yan robobinsu su tari abin da ya rage, malaminsu ma ya zo ya zagaya ta ya tambaye ni tsayin dandamalin da yawan bulon da ya ci, na ce masa in sun tashi zan raka su Kano da kaina mu duba gindin kwalaben tare.